Daga situdiyo zuwa dandamali: abubuwan mamaki game da manhajojin haɗa kiɗa

Duk wanda ya taɓa zama da matasa masu haɗa kiɗa ya san musun nan nasu da ba ya ƙarewa. Wannan ya ce FL Studio, wancan ya ce Cubase, na uku ya rantse in ba Ableton Live ba sai rijiya. Musun yakan yi zafi, don kowa na kare abin da ya sha wuya kafin ya koya. Abin da na lura shi ne sau da yawa hankalinsu ba wuri ɗaya yake ba. Ɗaya yana tunanin ɗaki mai rufaffiyar ƙofa, inda in murya ta kuɓuce sai a ce "a sake". Ɗayan yana tunanin dandamali, gaban jama'a, inda shirun daƙiƙa biyar ya isa ya kashe casu. Manhajar ɗaki an gina ta ne don a iya komawa baya a gyara, ta dandamali kuwa don kada ta tsaya. Yawancin abubuwan da na tattaro a nan daga wannan bambancin suka tsiro.

Bari mu fara da wadda ta sa aikinta a sunanta. Ableton Live makaɗa ne suka ƙera ta saboda bukatar kansu. Gerhard Behles da Robert Henke suna kiɗa tare a Berlin ta ƙasar Jamus da sunan Monolake, kuma manhajojin wancan zamani sun ishe su, domin duk an yi su ne kamar kaset: waƙa ta faro daga hagu, ta miƙe zuwa dama, ta ƙare. Su kuwa so suke su sarrafa kiɗa yana cikin tafiya. Da hannun wani gwanin rubuta manhaja, Bernd Roggendorf, kamfanin ya kafu a 1999, manhajar ta fito a 2001. Abin da ta zo da shi allo ne mai kama da gidan dara. Kowane gurbi ana ajiye masa gutsuren kiɗa: nan ganga, nan jita, nan amshi. Ka taɓa gurbi, gutsuren ya jira bugun da ya dace ya shigo, ya yi ta zagayawa har sai ka sallame shi. Waƙar da ke minti uku a faifai sai ta zama minti goma in rawa ta yi daɗi. Da ita Daft Punk na Faransa suka yi wasannin nan nasu na 2006 da 2007, suna tsaye cikin wata dala mai walƙiya.

Abin mamakin shi ne abin da ta rasa. Sai a zubi na 4, a 2004, aka fara iya rubuta kiɗa da fiyano a cikinta, kafin nan sautin da aka riga aka naɗa kawai take jujjuyawa. Akwai kuma wani aiki da kowane situdiyo ke yi kullum: mawaƙi ya rera baiti sau biyar ko shida, a tsinci mafi kyau daga kowanne a ɗinke su wuri guda. Ableton ba ta samu kayan yin wannan a sauƙaƙe ba sai a zubi na 11, a 2021, shekara ashirin da fitowarta. Waɗanda suka ƙera ta hankalinsu na kan dandamali, kuma a can babu baitin da ake rerawa sau shida.

Pro Tools ita ce kishiyarta. Wasu abokai biyu a Kalifoniya, Evan Brooks da Peter Gotcher, da sayar da sautukan ganga na sakawa a injin kiɗa suka faro, kafin kamfaninsu na Digidesign ya fitar da Pro Tools a 1991. Layi huɗu kacal take ɗauka, kuɗinta kuma kusan dala 6,000. Yau wayar da ke aljihun ɗalibi ta fi ta. Amma kada a raina layi huɗu: a kan na'urar tef mai layi huɗu Beatles suka naɗi faifansu na Sgt. Pepper a Landan a 1967, suna cika layukan, su haɗe su zuwa guda, su sake cikawa. A zamanin tef, gyara da reza ake yi, a yanke a manne, in hannu ya goce an yi asara ke nan. Maɓallin nan na "koma baya" da yaro ke dannawa sau ɗari a yini, shi ne babbar kyautar da kwamfuta ta yi wa situdiyo. Manyan injiniyoyi sun daɗe suna ɗari-ɗari da ita, har sai 1999, lokacin da "Livin' la Vida Loca" ta Ricky Martin ta zama waƙa ta farko da ta hau kan jadawalin Amurka alhali daga naɗi har haɗawa duk a cikin Pro Tools aka yi. Har gobe ita ce ta manyan situdiyo da masu sautin fim. Ba kasafai za ka ga makaɗi ya hau dandamali da ita yana sarrafa waƙa ba, don ba a kan haka aka raine ta ba.

Cubase ta girme su duka biyun. A 1989 kamfanin Steinberg na Hamburg ya fitar da ita, a kan wata kwamfuta mai suna Atari ST da mutane da yawa ke saya don wasanni. Abin da ya ja makaɗa ga wannan kwamfuta ramuka biyu ne a jikinta na jona fiyano kai-tsaye, waɗanda sauran kwamfutoci sai an saya musu dabam. Cubase ta farko ko murya ba ta ɗauka, umarni kawai take aika wa fiyano. Steinberg ɗin nan ne kuma a 1996 ya fito da tsarin VST, wanda ya ba kowa damar ƙera ƙaramar manhaja a jona ta cikin babba, yau fiyano, gobe amsa-kuwwa. Kishiyoyin Cubase da dama yanzu da wannan tsari nata suke aiki. Shekara da shekaru kuma Cubase ba ta buɗuwa sai an soka wani ɗan makulli mai kama da filasha a jikin kwamfuta. A situdiyo wannan ba komai ba ne. Mai yawon wasa kuwa, in ya mance makullin a masauki, ya mance da wasan ranar gaba ɗaya. Sai a zubi na 12, a 2022, aka sauke wa mutane wannan nauyi.

Yaren da fiyano da kwamfuta ke magana da shi sunansa MIDI, kuma ya haura shekara 40. A watan Janairun 1983, a wani bajekolin kayan kiɗa a Kalifoniya, aka jona fiyanon Dave Smith Ba'amurke da na kamfanin Roland na Japan da igiya ɗaya, aka danna wannan, wancan ya amsa. Smith da Ikutaro Kakehashi na Roland ba su nemi ko sisi daga masu amfani da tsarin ba, shi ya sa kowa ya rungume shi. A 2013 aka ba su kyautar Grammy saboda haka. Babu sauti ko ɗis a cikin MIDI. Saƙo ne kawai: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, yaushe aka saki, kuma duk da lambobi daga 0 zuwa 127. Ku riƙe wannan lissafi, za mu komo kansa.

FL Studio kuwa hatsin karin kumallo ne ya sauya mata suna. Didier Dambrin ya rubuta ta wa kamfanin Image-Line na Beljiyam a ƙarshen 1997, ƙaramar manhajar jera bugun ganga, ana kiran ta FruityLoops. Da suka je yi wa sunan rajista a Amurka, sai kamfanin Kellogg's mai hatsin Froot Loops ya tayar da ƙura. A 2003 aka koma FL Studio, ko da yake tsofaffin hannu har yanzu Fruity suke cewa. Lissafin zubinta ma ya yi tsalle daga 12 zuwa 20 a 2018, don murnar cika shekara ashirin. Abin da ya fi burge ni game da ita alkawarin kamfanin ne: ka saya sau ɗaya, duk sabon zubin da zai fito kyauta ne har ƙarshen rayuwarka. Ta gwaji kuma ba ta da wa'adi, kana iya haɗa waƙa ka fitar da sautinta, abin da kawai za ta hana ka shi ne sake buɗe aikin da ka adana. Soulja Boy ya ce da irin wannan ta gwajin ya haɗa "Crank That", wadda ta yi mako bakwai a saman jadawalin Amurka a 2007, yana ɗan shekara 17.

Gangar nan mai kauri ta Amapiano, wadda ta taso daga unguwannin Afirka ta Kudu ta mamaye waƙoƙin Legas, ba a sassaƙa ta daga icce ba. Wani ajiyayyen sauti ne a cikin ƙaramar manhajar DX10 da ke zuwa tare da FL Studio. Ya daɗe a wurin ba wanda ya kula shi, har matasan can suka tono shi, suka murɗa shi yadda suke so.

Ranar da Apple ya sayi kamfanin Emagic na Jamus, a watan Yulin 2002, rana ce ta baƙin ciki ga dubban masu haɗa kiɗa. Manhajar kamfanin, Logic, a lokacin tana aiki a kan Windows, sai aka sanar cewa daga ƙarshen Satumba an daina. Ko ka sayi kwamfutar Apple, ko ka koyi wata manhajar. Daga wannan ciniki ne aka haifi ƙanwarta GarageBand a 2004, wadda ake ba masu kayan Apple kyauta. Bugun gangar da ke ɗauke da "Umbrella" ta Rihanna, waƙar da ta yi mako goma a kan gaba a Birtaniya a 2007, daga cikin gutsattsarin kyauta na GarageBand aka ɗauko shi. Makaɗi Steve Lacy da ita a wayarsa ta iPhone ya haɗa kiɗan "Pride" da ke faifan Kendrick Lamar na 2017, faifan da ya ci kyautar Pulitzer a shekarar da ta biyo. Billie Eilish da yayanta Finneas kuwa a ɗakin kwanansa na gidan iyayensu a Los Angeles suka naɗi faifanta na farko da Logic, ita tana zaune a bakin gado tana rerawa. A Janairun 2020 ta kwashe manyan kyaututtukan Grammy guda huɗu a dare ɗaya, tana da shekara 18. Apple da kansa ya san Logic ta ɗaki ce, shi ya sa tun 2007 ya yi mata 'yar'uwa ta dandamali, MainStage, mai sautuka iri ɗaya amma da manyan maɓallan da ido zai gani cikin duhu.

Masu shekaru za su tuna Winamp, wadda muke jin waƙa da ita a kwamfuta. Wanda ya yi ta, Justin Frankel, shi ne ya yi Reaper a 2006. Fayil ɗinta na Windows bai kai megabait 20 ba, tana iya tashi daga kan filasha, gwajinta kwana 60 ne ba a rufe komai ba, lasisin mai ƙaramin ƙarfi kuma dala 60. A ganina duk mai tsohuwar kwamfuta da ƙarancin data ya kamata ya san da zamanta. Bitwig kuma wasu tsofaffin ma'aikatan Ableton ne suka fita suka yi ta, ta fito a 2014. Dabararta ta masu tsoron kunya ce a gaban jama'a: ta killace ƙananan manhajojin da aka jona mata, in ɗaya ta faɗi sai ta faɗi ita kaɗai, kiɗa ya ci gaba.

Yanzu ga abin da ya fi raba ɗaki da dandamali, kuma ido ba ya ganin sa. Na taɓa zama a wani ƙaramin situdiyo a Kano, ɗaki ɗaya da aka raba da falanki, an manna soso a bango. Wata mawaƙiya ta sa abin saurare a kunne, ta fara rerawa, sai ta tsaya. Ta sake farawa, ta sake tsayawa. Ta zare abin daga kunne ta ce wa mai haɗa kiɗan, "Yaya, muryar nan tawa biyo ni take yi a baya, kamar wata ce ke kwaikwayona." Bai ce uffan ba. Ya buɗe wani ɗan akwati a allo, ya mayar da lamba 1024 zuwa 128, ya ce, "To gwada yanzu." Ta rera baitin tiryan-tiryan.

Abin da ya faru shi ne, kwamfuta ba ta sarrafa sauti sai ta tara shi kashi-kashi. Tana ɗiban samfurin sauti sau 48,000 a daƙiƙa guda. In aka ce ta tara 1024 kafin ta yi aiki, jinkirin ya kai kashi 21 cikin dubu na daƙiƙa a shiga kawai, ga kuma na fita. In 128 ne, bai kai kashi 3 ba. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, wato jinkirin farkon tamkar ka tsaya mita bakwai nesa da bakinka ne kana sauraron kanka. To me zai hana a bar ta a 128 kullum? Saboda ƙaramin kashi gudu yake sa kwamfuta, in kayan sun yi mata yawa sai sautin ya fara tsatstsagewa. A situdiyo mafita mai sauƙi ce: a rage lambar lokacin ɗaukar murya, a ƙara ta lokacin haɗawa, tunda a sannan ba mai jiran amsa. Mai dandamali ba shi da wannan gata. Dole ya zauna a ƙaramar lamba daga farkon wasa har ƙarshe, don haka dole ya rage kaya. Ƙwararru sukan mayar da fiyano goma da amsa-kuwwa ashirin na situdiyo zuwa 'yan layukan sauti da aka riga aka dafa, kafin su fita da su.

A manyan wasanni, in ka leƙa bayan labule, kwamfuta biyu za ka gani kafaɗa da kafaɗa, suna kunna abu ɗaya a lokaci ɗaya. Jama'a ta farko suke ji. Akwai wani akwati a tsakaninsu da ke sauraron wani siririn sauti daga ta farkon, da zarar ya yanke sai ya juya layi zuwa ta biyu kafin ƙiftawar ido. An kashe intanet, an kashe duk wata sanarwa, an hana kwamfutar sabunta kanta. A kunnen mai ganga kuwa akwai wani ƙas-ƙas da jama'a ba sa ji, shi ke riƙe shi daidai da kwamfuta, wani lokaci har da murya mai ƙirga masa shigowar amshi. Fitilu da hotunan bango ma sau da yawa wannan agogon suke bi.

Dalilin wannan taka-tsantsan yana da tarihi. A watan Yulin 1989, a garin Bristol na jihar Connecticut, mawaƙan nan Milli Vanilli suna kan dandamali sai na'urar da ke kunna muryoyin ta sarƙe, ta yi ta maimaita guntun layi ɗaya. Ɗayansu ya ruga ya bar dandamalin. Daga baya ta tabbata cewa ko a faifan ma ba muryarsu ba ce, kuma a Nuwamban 1990 aka ƙwace Grammy ɗin da aka ba su. A 2012 kuma makaɗi deadmau5 na Kanada ya tayar da ƙura da ya fito fili ya ce yawancin masu irin kiɗansu, har da shi, maɓallin kunnawa kawai suke dannawa a dandamali, ainihin gwanintar a situdiyo take. An yi masa ca, amma tambayar da ya tayar tana nan. Ni dai ina ganin mai sauraro yana da haƙƙin ya san me ake yi a gabansa da hannu, me kuma aka dafo daga gida. Ed Sheeran ya cika filin Wembley dare uku a 2015, shi kaɗai da jita da na'urar maimaita sauti da yake takawa da ƙafa, yana gina kowace waƙa bene-bene a idon mutane. Na'ura ce a nan, na'ura ce a can, amma wannan kowa na ganin aikin.

An ma taɓa samun waƙar da ke kashe kwamfuta. Raymond Chen na kamfanin Microsoft ya ba da labarin a 2022: a zamanin Windows XP an gano cewa in aka kunna "Rhythm Nation" ta Janet Jackson, wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka sai su mutu. Wani amo da ke cikin waƙar ya yi daidai da rawar da faifan ajiyarsu ke yi, irin mai juyawa sau 5,400 a minti, sai ya girgiza shi har ya rikice. Har kwamfutar da ke ajiye a gefe, wadda ba ita ke kunna waƙar ba, tana iya faɗuwa. Maganin da aka yi shi ne sa matata da ke cire wannan amon kafin ya fita lasifika. Wanda ya taɓa ajiye tsohuwar kwamfuta kusa da manyan lasifikun biki ya ga tana tsalle, ya san zancen ba tatsuniya ba ne.

Auto-Tune daga rijiyar mai ta fito. Andy Hildebrand injiniya ne da ya yi wa kamfanin Exxon aikin fassara amon da ake aikawa ƙarƙashin ƙasa don gano inda mai yake. Da irin wannan lissafi ya ƙera manhajar da ke gane inda murya ta kauce ta mayar da ita kan hanya, ta fito a 1997. Nufinsa gyaran ya zama a ɓoye. A 1998 masu haɗa wa Cher waƙar "Believe" suka murɗa saurin gyaran har ƙarshe, muryar ta dinga tsalle daga mataki zuwa mataki kamar ta inji. Da aka tambaye su, sai suka ce wata na'ura ce dabam, don kada a gane sirrin.

Wannan sauti ya samu gida a wurinmu fiye da wurare da yawa. Waƙoƙin finafinan Hausa, waɗanda suka tashi a kan fiyanon Yamaha, sun rungume shi har ya zama kamar tambarinsu. Daga nan ya tsallaka iyaka. Mdou Moctar, makaɗin jita Ba'abzine daga Nijar, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008, da injin ganga da muryar Auto-Tune irin ta situdiyon Hausa. A lokacin ba kamfanin da ya rarraba shi. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka yi ta yawo a Sahara, ta katin memori da bulutut, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince su ya sa ɗaya a tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da ya fitar a 2011. Abin lura shi ne, da duniya ta buɗe wa Mdou Moctar dandamali, da jita da ganga da 'yan ƙungiyarsa ya hau. Sautin situdiyo ya kai sunansa nesa, hannunsa kuma ya riƙe masa jama'a.

Mu komo kan lambobin nan 0 zuwa 127 na MIDI, inda kowane maɓallin fiyano ke da tasa lamba. Kusan duk manhajojin nan a kan tunanin fiyano aka gina su: matakan sauti 12 masu tazara daidai wa daida, da layukan lokaci a miƙe kamar na littafin lissafi. Kalangu ba haka yake ba. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammata, sautin ya hau yana zamewa, ya sauka yana zamewa, yana bin hawa da saukar maganar Hausa. Goge da kukuma ba su da matakala a wuyansu, yatsa ne ke neman wurin. Makaɗan Mamman Shata ba agogo suke bi ba, bakinsa suke bi: in ya ja baiti su ja, in ya tsuke su tsuke. Idan aka ɗauko irin wannan kiɗa aka danna maɓallin da ke jera kowane bugu a kan layi, za a samu tsafta, amma abin da ke sa kafaɗa motsi ya tafi. Wannan yana damuna ƙwarai, don na sha jin kalangun kwamfuta a waƙoƙin zamani, bugu ɗaya tak da aka naɗa ana maimaita shi, ba ya magana.

Ba mu kaɗai ke wannan kuka ba. Khyam Allami, makaɗin garayar Larabawa ɗan asalin Iraƙi, ya fitar da manhajoji biyu na kyauta a 2021, Leimma da Apotome, don a iya kiɗa da matakan sautin da ba na Turai ba. Ableton ma a zubi na 12, a 2024, ta buɗe ƙofar sauya matakan nan. Tun a zubi na 11 kuma ta sa wani abu da nake ganin an yi shi ne kamar don mu: kwamfuta ta saurari mai ganga ta makirufo, in ya ƙara sauri ta ƙara, in ya lafa ta lafa.

Katangar da ke tsakanin gidajen biyu ma tana ta gajarta. FL Studio ta sa sashen wasan dandamali a 2013. Logic ta aro gidan daran nan a 2020, a shekarar da wata manhajar, Studio One, ta buɗe shafi na musamman don wasa. Steinberg ya fitar da VST Live a 2022, Pro Tools ita ma ta bi sahu da nata gurabun a 2023. Duk da haka kowacce tana nan da halin gidan da ta tashi. In murya da yawa za ka ɗauka ka tace, Cubase da Pro Tools da Logic da Reaper sun fi sauƙin hannu. In bugu kake ginawa daga tushe, da wuya a kamo FL Studio a sauri. In kuwa gaban jama'a za ka tsaya kana juya waƙa yadda rawa ta juya, Ableton ce ko Bitwig, mai fiyano kuma MainStage.

Kai ɗan'uwa mai shirin fara wannan sana'a, kafin ka tambayi wace manhaja ce ta fi, ka fara sanin inda za ka fi tsayawa, ɗaki ko dandamali, sannan ka riƙe guda ɗaya ka san ta ciki da bai. In za ka fita wasa, ka gwada kayanka awa biyu cur a cikin zafi irin na wurin, ka tanadi waƙoƙin a waya a jone da lasifika saboda ko-ta-kwana. Ranar da waƙarka ta bukaci kalangu kuma, don Allah ka nemo mai kalangu, ka sa masa makirufo, ka biya shi haƙƙinsa, ka bar kwamfutar ta bi shi.